Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gidajen Talabijin Na Arewa Da Shugabanninsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayen gidanmu: masu gidajen talabijin masu zaman kansu, da manyan daraktoci da janar-manajojin gidajen gwamnati, tun daga Sakkwato har Maiduguri, daga Katsina har Lafiya. Ina gaishe ku gaisuwar ƙarami ga manyansa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ina roƙon aron hankalinku na ɗan lokaci.

Ni ɗaya ne daga cikin yaranku. Na haura shekara ashirin a wannan aiki. Na fara da riƙe wa mai kyamara batir da igiya, na yi rahoto daga majalisar dokokin jiha, na bi ayarin kamfen a bayan akori-kura, daga bisani na zauna a kujerar gabatar da shirin siyasa da Hausa. Ba wata ƙungiya ce ta aiko ni ba. Amma abin da zan faɗa mun daɗe muna faɗarsa a junanmu, a bakin ƙofar sitidiyo da teburin mai shayi, ni da 'yan uwana masu gabatarwa da furodusoshi da masu ɗaukar hoto, da ƙannenmu da suka fito daga makaranta da burin wata rana su zauna gaban gwamna su yi masa tambaya. Da yawansu ba za su iya sa hannu a irin wannan takarda ba, domin gobe da safe ta gaban ofishinku za su wuce. Da bakinsu nake magana.

Abin da ya hana ni ci gaba da shiru shi ne sanarwar da ta fito daga Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Jihar Kano a watan Mayun 2025, bayan wani zama da shugabannin kafafen yaɗa labarai. Sanarwar ta ce an dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye, duk wanda za a yi hira da shi sai ya sa hannu cewa ba zai yi zagi ko ɓatanci ba, kuma an hana masu gabatarwa yin tambayoyi masu tunzurawa. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan ko umarnin gwamnati ne ko kuwa yarjejeniya ce da aka cimma da shugabannin gidajen. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne an kai matsayin da za a iya zama a yi ciniki a kan wace tambaya za ta fito daga bakin mai gabatarwa, kamar ana maganar farashin talla. Yau Kano ce, gobe wata jihar za ta kwaikwaya, ga kuma zaɓen 2027 yana ƙaratowa.

Ban musa cewa akwai ɓarna ba. Duk mai sauraron sojojin baka ya san ana cin mutuncin iyayen mutane, ana tonon sililin iyali da sunan siyasa, kuma mu kanmu muna jin kunyar hakan. Sai dai ku lura, irin wannan ɓarna ta fi yawa a filin da aka saya, inda aka miƙa wa mutum makirufo aka bar shi shi kaɗai. Inda akwai ƙwararren mai gabatarwa da ya san doka, ya san gidansa na bayansa, shi ne zai katse mai zagi tun kalmar ba ta gama fita ba. Maganin ɓarnar yana zaune a ɗakunan labaranku, kuma shi ne aka ɗaure wa hannu.

Da yawanku kun taɓa zama a wannan kujera kafin Allah ya ɗaukaka ku, don haka tuni kawai zan yi. Hirar minti talatin da kwamishina takan ci wa mai gabatarwa kwana biyu ko uku. Zai nemo kundin kasafin kuɗi ya duba nawa aka ware wa asibitin da ake magana a kai, ya kira wani a garin ya ji ko an yi rufin ko har yanzu jemagu ne a ciki, ya tono abin da baƙon ya faɗa lokacin kamfen. Duk wannan wahala saboda abu ɗaya ake shan ta: tambaya ta biyu. Ta farko kowane ɗan siyasa ya shirya mata tun daga gida, yaransa sun rubuta masa amsa. Sai ya gama zuba, ya gyara zaman hula, sannan mai gabatarwa ya ce, “Ranka ya daɗe, amma a kasafin bara an ware wa wannan aiki kuɗi, kuma an saki. Ina suka shiga?” A wannan daƙiƙa ce mai kallo a Gumel ko Yawuri yake gane ko wanda ya zaɓa mai gaskiya ne. Irin wannan tambaya, a wurin wanda aka yi wa, kullum mai tunzurawa ce. Kuma a shirin kai-tsaye ne kaɗai take da tabbacin isa ga jama'a, domin shirin da aka naɗa yakan kwana, a cikin daren kuwa waya takan yi ƙara.

Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci talabijin da sunanta cikin kafafen da aka ɗora wa nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. Wanda ke sauke wannan nauyi a aikace shi ne yaron nan ko yarinyar nan da ke zaune gaban kyamara. Ku duba halin da aka bar su a ciki.

Na farko, albashi. Ranar da aka ɗauke ni aiki a wani gida da na taɓa yi wa hidima, manajan ya miƙo min katin shaida ya ce, “Ga gonarka nan, saura noma.” Ina yaro, na ɗauka albarka yake sa min. Sai da wata uku ya wuce ban ga ko kwabo ba sannan na gane nufinsa: katin shi ne albashin. In na nuna shi a ƙofar gidan gwamnati ko sakatariyar jam'iyya za a bar ni in shiga, in an tashi taro kuma in bi layi, a rubuta sunana, a ba ni na goro. Shekara ashirin ke nan, har yau ƙannenmu suna jin irin wannan magana. Na san masu gabatarwa da jama'a ke tarewa a kasuwa su ɗauki hoto da su, alhali suna bin gidajensu albashin wata biyar, wata shida. Na san waɗanda suka shekara uku ana kiransu 'yan koyo ko masu sa-kai, ba takardar ɗauka aiki, kuma su ne ke riƙe da shirin da ya fi tara wa gidan masu kallo.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na karɓa. Shekarar da aka kwantar da 'yata a asibiti, wani mai riƙe da muƙami ya aiko min da ambulan, na sayi magani da kuɗin. Bayan mako biyu ya zo shirina. A gabana akwai takarda da ta saɓa wa abin da yake faɗa. Na dube ta, na dube shi, na wuce zuwa wata tambayar. Ba wanda ya lura a cikin sitidiyo. Har yau abin yana damuna, domin mutanen da maganar ta shafa suna kallo a wannan dare, kuma ni kaɗai ne ke da damar tambaya a madadinsu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Laifina ne, na ɗauka. Amma wanda ya riƙe min albashin wata huɗu a lokacin, shi ma yana da kasonsa.

Kuma ba alfarma muke nema ba. Tun Yulin 2024 doka ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Dokar Fansho ta 2014 ta ce wanda ya ɗauki ma'aikaci ya zuba masa kashi 10 cikin ɗari, ma'aikacin ya zuba kashi 8, a kuma yi masa inshorar rai. Mu ne muke karanta wa jama'a waɗannan labarai, mu ne muke gayyato shugabannin ƙwadago mu tambaye su jihohin da ba su fara biya ba, sannan mu fito daga sitidiyo mu nemi rancen kuɗin adaidaita-sahu zuwa gida. Wannan abu yana da ciwo, ranku ya daɗe.

Na biyu, sayar da fili. Ba wanda ya ce kada gidan talabijin ya sayar da lokaci, in ba haka ba da me za a sayi dizal? Kukanmu shi ne haɗa shirin da aka saya da shirin gida a tukunya ɗaya, da fuska ɗaya. Ɗan siyasa zai biya kuɗin awa guda, a ɗauko mai gabatarwar da jama'a suka amince da shi a zaunar, a miƙa masa tambayoyin da ofishin baƙon ya rubuto, kuma ba za a rubuta ko a ƙasan allo cewa an ɗauki nauyin shirin ba. Mai kallo yana ɗauka hira yake kallo, alhali talla ce. Yardar da mutum ya shekara goma yana tarawa ita ake sayarwa a awa ɗaya, kuma in ta tafi ba ta dawowa. Mafi muni, a wasu gidajen an ɗora wa 'yan rahoto neman talla: kawo ciniki ka sami kasonka. Wanda aka tura majalisa ya sa ido a kan 'yan majalisa, shi ne kuma zai bi su ofis-ofis yana roƙon su sayi fili.

Na taɓa naɗar hira da wani shugaban ƙaramar hukuma, na yi masa tambaya ɗaya da ba ta cikin takardar, a kan rijiyoyin burtsatse da aka ce an haƙa a wasu ƙauyuka. Na je ƙauyukan da ƙafata, ban ga ko rami ba. Ya yi shiru, ya kurɓi ruwa, ya ce zai bincika. Da aka watsa shirin, da tambayar da shirun duk babu. Editan da ya yanke ya kasa haɗa ido da ni, domin umarni aka ba shi daga sama. Mako na gaba aka mayar da ni karanta sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya. Mutanen ƙauyukan nan kuwa suka ci gaba da shan ruwan kududdufi tare da dabbobinsu.

A gidajen gwamnatocin jihohi ciwon wani iri ne. Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ya hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ya kuma wajabta raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu. Ku faɗa min tsakaninku da Allah, sau nawa ɗan takarar adawa ya zauna a sitidiyonku a zaɓen da ya wuce? Marigayi Abubakar Rimi ya kafa gidan talabijin na jiha, CTV, a Kano a farkon shekarun 1980, zamanin da gwamnatocin jihohin da ba na NPN ba, jam'iyyar da ke mulkin tarayya a lokacin, ke kukan cewa talabijin ta tarayya ba ta ba su murya. Gidajen jihohi da aka gina saboda an toshe wa wasu baki, bai dace a ce yau su ne ke toshe bakin wasu ba. Kuma mai gabatarwar da aka hana yi wa mai mulki tambaya ta biyu tsawon shekara takwas, ranar da gwamnati ta sauya sai a ce ɗan waccan ne, a jefa shi wani ofis da ba aikin yi. Ya yi biyayya an ci moriyarsa, an kuma yada kwaurensa.

Na uku, kuma shi ya fi ci min rai: in rigima ta taso, sai mu waiga mu ga ba kowa a bayanmu. Mun san matsin da kuke ciki. A 2020 aka ɗaga tarar abin da aka kira kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. A Oktoban shekarar, Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan 3 kowanne kan rahotannin zanga-zangar EndSARS. A Agustan 2022 ta ci Trust TV miliyan 5 kan shirin da ya yi game da 'yan bindigar daji. A Maris na 2023 ta ci Channels miliyan 5 saboda abin da Datti Baba-Ahmed, ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa na jam'iyyar Labour, ya faɗa a hirarsa da mai gabatarwarsu Seun Okinbaloye. A Oktoban 2022 kuwa gwamnatin Zamfara ta rufe NTA Gusau da Pride FM da wasu gidaje saboda sun ɗauki taron jam'iyyar PDP, har sai da NBC ɗin kanta ta fito ta ce wannan ba hurumin gwamnatin jiha ba ne.

Amma ku duba abin da ya faru a lokutan da aka tsaya aka dage. Ranar 6 ga Yunin 2019 NBC ta dakatar da lasisin AIT da Raypower, kamfanin ya garzaya kotu, washegari aka ba da umarni suka ci gaba da watsa shirye-shirye. Ranar 10 ga Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara, ya kuma soke tarar naira 500,000 da ta ɗora wa gidaje 45 a 2019. Wannan ƙara ƙungiyar Media Rights Agenda ce ta shigar da ita. Gidaje 45 aka ci tara, amma sai wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta je ta karɓo musu haƙƙinsu.

A gidajenmu da dama, in wasiƙar gargaɗi ta iso ko waya ta zo daga wani babba, abin da ake yi shi ne a nemo wanda za a yanka. Wani abokin aikina, baƙonsa ya furta wata magana a shiri, ya katse shi nan take, ya nemi ya janye. Duk da haka aka kai ƙorafi, 'yan sanda suka gayyace shi. Gidan da yake wa aiki bai tura lauya ba, bai tura ko direba ba. Surukinsa ne ya tsaya masa beli. Da ya dawo ofis, takardar dakatarwa ya tarar a kan teburinsa. Yau yana sayar da kayan waya a kasuwa, kuma a cikinmu ba wanda ya kai shi iya karanta kasafin kuɗi. Matasan da suka ga abin da ya same shi ba sai an yi musu bayani ba, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Yanzu tun kafin manaja ya buɗe baki, mai gabatarwa ya riga ya soke tambayar da hannunsa.

Ga kuma batun rai. Ranar 22 ga Yulin 2019 harsashi ya sami Precious Owolabi, matashi mai hidimar ƙasa da ke aiki da Channels, yana ɗaukar rahoton arangamar 'yan sanda da mabiya Shi'a a Abuja, ya rasu. Mu a nan har yau ana tura ɗan rahoto da mai kyamara wurin tattara sakamakon zaɓe cikin dare, inda 'yan daba ke yawo da makamai, ba rigar kariya, ba motar ofis, ba inshora. In kyamara ta fashe a yamutsi, akwai gidan da zai cire kuɗinta daga albashin wanda ya tsira da ransa.

Sai abin da ya haɗa duka: aikin ba shi da tsani. Yaro mai hazaƙa zai shigo, ya yi shekara biyar, sunansa ya fara fita, sai ya duba gaba ya ga ba inda za shi. Ƙofa biyu ce a buɗe. Ko ya tafi sashen Hausa na BBC ko DW ko RFI ko TRT, ko ya zama mai magana da yawun gwamna ko sanata. Ban ga laifin wanda ya canza hanya ba. Abike Dabiri ta bar NTA ta shiga Majalisar Wakilai a 2003, Ajuri Ngelale ya bi ta AIT da Channels ya kai fadar shugaban ƙasa, kowa da rabonsa. Damuwata ita ce a gidajenmu ba a bar ƙofa ta uku ba, wato mutum ya tsufa yana tambaya, ana ƙara masa girma da albashi a kan hakan. Wanda kuwa ya san makomarsa ofishin gwamna ce, tun yau zai fara sassauta wa gwamnan.

Ku dubi Kadaria Ahmed. Daga Jami'ar Bayero ta fito, ta yi aiki da BBC, ta riƙe editar jaridar Next. A 2011 ita ta jagoranci muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa a tashar NN24, inda Buhari da Ribadu da Shekarau suka tsaya gabanta. A farkon 2019 ta zaunar da Buhari da Osinbajo, sannan Atiku da Obi, ta yi musu tambayoyi ƙasa na kallo. 'Yar Arewa ce, kuma akwai irinta da yawa a ɗakunan labaranku, waɗanda da sun nemi shirin siyasa sai a ce su je shirin girki ko na yara. Sannan duk wannan aiki na Kadaria da Turanci aka yi shi. Mafi yawan masu jefa ƙuri'a a jihohinmu da Hausa suke fahimtar magana, amma a gidaje da dama sashen Hausa fassara kawai ake ba shi, kuma shi ne na ƙarshe a rabon kyamara da mota. Muhawarar 'yan takarar gwamna da Hausa da jama'a suka fi tunawa a 2019 da 2023, a Kano da wasu jihohi, sashen Hausa na BBC ne ya shirya ta. Tun 1962 ake talabijin a Kaduna. Bai kamata a ce sai wata kafa mai hedikwata a Landan ta zo ta tara mana 'yan takararmu ba.

Ko ma'ajiyar hotuna ba mu da ita. Kaset ɗin da aka yi ta naɗa a kansa a da ya mutu da tarihin da ke ciki, yanzu kuma katin kyamara ake gogewa duk mako saboda ba a sayi wurin ajiya ba. Ɗan takara zai yi alkawari a sitidiyonku, bayan shekara huɗu ya dawo kujerar ya ce bai taɓa faɗa ba, mu kuwa ba mu da abin da za mu kunna masa.

Ranku ya daɗe, ban jahilci nauyin da ke kanku ba. Na san abin da janareta ke sha tun da kuɗin mai da na wuta suka tashi. Na san a Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin gidaje 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2, cikinsu har da na gwamnatocin jihohi. Na san masu mulkin da suka fi ba ku talla su ne suka fi jan ƙafa wajen biya, kuma matasa sun koma Facebook da YouTube da TikTok. Sai dai kowa na iya kunna waya ya yi zagi ko yabo. Abin da ya rage muku ku kaɗai shi ne mutumin da ya yi bincike, ya zauna ido da ido da mai mulki, jama'a suka yarda ba a saye shi ba. Wannan ce hajarku, kuma ita ake karyarwa a kasuwa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Kuɗin farko da zai shigo daga tallan siyasa na zaɓen 2027, a fara biyan bashin albashi da shi. Duk wanda ya shekara yana aiki a ba shi takardar ɗauka, a buɗe masa asusun fansho. Wanda aka tura ɗaukar taro a ba shi kuɗin mota daga ofis. Ranar da kuka yi haka, ku haramta karɓar na goro, ku hukunta wanda ya karɓa, mu kuma za mu tsaya tare da ku a kan hakan.

Ku raba ɗakin labarai da sashen kasuwanci. A daina tura ɗan rahoto neman talla. Duk shirin da aka saya a rubuta a allo tun farkonsa har ƙarshensa cewa an ɗauki nauyi, a kuma faɗa da baki saboda mai kallon da ba ya karatu. Mai gabatar da shirin siyasa na gida kada a sa shi gabatar da wanda aka saya, in kuma ya ƙi, kada ƙin ya zama laifi.

Ku riƙe shirin kai-tsaye, kada ku sallama shi ga kowace gwamnati. Akwai na'urar da ke jinkirta hoto da sauti na 'yan daƙiƙu kafin su fita, yadda furodusa zai iya datse zagi tun bai isa gidajen mutane ba. Ku saye ta. Ku rubuta ƙa'idojin shiri da kanku, ku karanta wa baƙo kafin ya zauna, wanda ya karya a hana shi dawowa. Amma tsarin tambaya a bar wa mai gabatarwa da editansa.

Kowane gida ya tanadi lauya. In ɗaya ba zai iya ba, ku haɗu ƙarƙashin ƙungiyarku ta BON ku yi asusu. A rubuta a takarda cewa duk ma'aikacin da ya bi ƙa'idar gida, gidan ne zai amsa gayyata tare da shi, kuma ba za a dakatar da kowa ba sai an saurare shi. In an ci ku tarar da kuke ganin zalunci ce, ku je kotu, hanyar a share take. Kafin ranar zaɓe kuma a yi wa duk wanda zai fita inshora, a ba shi riga mai tambari da mota.

Ku gina tsanin: matakai na girma da albashi ga wanda ya zaɓi ya tsaya a fagen siyasa, horo a kan kasafin kuɗi da dokar zaɓe da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, da ma'ajiyar da za ta riƙe kowace hira. Ku ba mace ɗaya aƙalla babban shirin siyasa a kowane gida. Sannan gidajen kowace jiha su haɗa kyamarori da kuɗi su shirya muhawarar 'yan takarar gwamna da Hausa, a watsa a tare, kujerar wanda ya ƙi zuwa a bar ta a fili jama'a su gani.

Roƙo na ƙarshe shi ne mafi sauƙi. In wata gwamnati ta sake kiran ku zama a kan shirye-shiryen siyasa, ku tafi da ɗaya daga cikinmu, wanda ke zama a kujerar, a ji ta bakinsa kafin a sa hannu a kan komai. Kafin nan ma, ku kira mu a gidajenku mu zauna a kan waɗannan batutuwa tun ba a buɗe kamfen ba. Muna jiran amsarku, a rubuce ko a zaune.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a gidajenku da ma'aikatanku.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Wani mai gabatar da shirin siyasa, daga Kaduna.